Kwamfuta ba ta rufe bakin ma'aikaci

Assalamu alaikum Edita,

Na saurari shirinku na lafiya na daren Talata har ƙarshe, kuma wallahi raina bai yi daɗi ba. Baƙonku ya yi ta nanata cewa da zarar an kwashe fayil-fayil an zuba a kwamfuta, shi ke nan sirrin majinyaci ya tsira. Haba likita! Kwamfuta ce ta kai labarin ƙanwata gidan surukanta?

Bara ta je awo wani asibiti, aka ɗebi jininta, aka ce tana da ciwon hanta. Ko mijinta ba ta gaya wa ba, tana so ta nutsu tukuna ta faɗa masa da bakinta. Ashe matar da ke ɗakin kati maƙwabciyar surukarta ce. Kafin la'asar magana ta riga ta isa gida. Aka ware mata kwano da kofi, aka hana yara shiga ɗakinta, alhali likita ya ce irin nata ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare. Wata biyu ta yi a gidanmu da tsohon ciki, kullum ido a kumbure. Da na je na kai ƙara, sai wani babba ya ce min, "Alhaji a yi haƙuri, ai ka san mata." Ita kuwa matar tana nan a kan kujerarta har gobe.

Ranar ma da idona na ga fayilolin mutane jibge a kan benci a baranda, iska tana buɗe su, kowa ya zo wucewa sai ya leƙa.

Kuma ba doka ce babu ba. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana fitar da bayanin majinyaci, sai da amincewarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. Ga dokar kare bayanai ta 2023. Baƙonku ko ɗaya bai ambata ba, mai gabatarwa kuma bai tambaya ba. Yanzu da Kano ta wajabta gwaji kafin aure tun 2024, sakamakon kowane ango da amarya ta waɗannan hannuwa zai bi. Ku gayyato shugaban ɗakin kati na kowane asibiti, ku tambaye shi: mutum nawa aka taɓa hukuntawa saboda sakin baki?

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Sau tara na kira a daren bai shiga ba, amma kullum mutum uku ɗin nan ne ke samun shiga, su cinye lokaci da gaishe-gaishe.

Naku,
Mai sauraro daga Fagge, Kano