Sanarwa ga ƴan rukunin masu zana shafukan intanet

Salam ƴan uwa, barkanmu da war haka. Lokacin taruka ya matso, DevFest ɗin nan, wato taron masu fasahar kwamfuta da ƙungiyoyin GDG (Google Developer Groups) ke shiryawa duk ƙarshen shekara har da namu na nan Kano, to don Allah mu rage zaman ɗaki da laftof muna jiran kwastoma ya neme mu. Wallahi aiki mai tsoka a wajen shan shayi bayan lacca ake ƙulla shi.

Wanda zai je Legas ko Abuja ya yi magana a nan da wuri mu haɗa tafiya, tikitin jirgi daga filin Malam Aminu Kano in aka bari ranar ta matso tsada yake yi, masauki ma in an raba kuɗin ya fi sauƙi. Ku gyara shafin da kuke nuna ayyukanku ya dinga buɗewa da sauri, don a waya kowa zai duba. Kafin a tashi kuma a sanar da kwastomomi, a ajiye kwafin shafukan da aka gina da manhajar WordPress, kar wani ya lalace kana hanya ba caji ba sabis.

Ƙannenmu masu koyon Figma, manhajar zana fasalin shafuka, kar ku ji kunya, ku zo mu tafi tare.