Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 na Ƙungiyarmu ta Masu Haɗa Ƙananan Jiragen Sama

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa membobi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga bayanin abin da aka gudanar. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi bayan wannan.

Babban aikin bana shi ne na cikar shekara 100 da saukar jiragen sama a Kano. A farkon Nuwamba 1925 jirage uku ƙirar DH.9A na sojan saman Ingila suka iso Kano daga Helwan ta ƙasar Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Tun farkon shekara aka amince mu fitar da ukun a ma'aunin 1/72, wato kashi ɗaya cikin 72 na girman jirgin gaske. Faɗin fikafikan jirgin na gaske mita 14 ne, namu ya tashi santimita 19 da ɗoriya. Kwalin haɗin wannan jirgi, wato kwalin sassan roba da ake saya a harhaɗa, yana da wuyar samu, don haka aka yanka fikafikan daga fallen roba, aka sassaƙa gangar jikin da hannu. Wayoyin da ke ɗaure fiffiken sama da na ƙasa su suka fi cin rai. An gwada narka ragowar sandunan robar da sassan jirgi ke zuwa a manne da su a kan kyandir a ja su su zama zare, amma da zafi ya tsananta sai suka saki. Siririn zaren kamun kifi ne ya yi, ana huda fiffike da allura, a zura shi, a ɗiga sufa gulu da tsinken sakace, a ja shi ya miƙe kafin ya kama.

Launin azurfa ne a jikin jiragen, kuma wannan aiki ya nuna abin da kwamiti ya daɗe yana faɗi: fentin azurfa ba ya rufa wa kowa asiri. Duk ƙarcen da aka bari, duk tsagin da ba a cike ba, zai fito fili ya ninka. Jirgi na farko sai da aka kankare shi aka sake. A na biyu da na uku an bi sanfefa daki-daki, daga mai lamba 400 zuwa 600, 1000, har 2000, ana jiƙa ta da ruwa. Aka fesa fentin share fage na Mr. Surfacer 1200 don a ga inda aibu ya rage, aka gyara, aka shimfiɗa baƙin fenti mai sheƙi, sannan azurfar ta hau. Wanda ya ajiye na farkon kafin gyara kusa da na ukun ba zai ce hannu ɗaya ne ya yi su ba.

Wannan ya kawo mu ga batun kayan aiki, wanda shi ne ya fi jawo muhawara a tarukanmu. Canjin dala ya sa kwalin Tamiya, Revell, Airfix ko Hasegawa ya fi ƙarfin yawancinmu, musamman ɗalibai. Wasu sun nemi a zuba kuɗin ƙungiya a sayo manyan kwalaye. Kwamiti bai yarda ba, kuma ni ina tare da kwamiti. Kwali mai tsada a hannun wanda ba shi da foti, ba shi da sanfefa mai laushi, ba shi da fentin share fage, asara ce kawai. Tsohon kwali mai arha kuwa, idan aka yi masa gyaran kirki, zai tsaya a kowane teburin nuni. Saboda haka kuɗin ya tafi ga kayan da kowa zai mora: kwamfuresa ɗaya mai tanki, bindigogin feshi biyu masu bakin milimita 0.3, gam ɗin Tamiya Extra Thin, salatif ɗin rufe wurin da ba a son fenti ya taɓa, da ruwan Micro Set da Micro Sol na kwantar da sitika.

Sauran kayan a gida muka same su. Sanfefar ruwa ta masu fentin mota tana nan a Ƙofar Ruwa, reza da matsefata da burushin zane a Sabon Gari. Farin gam na kafintoci shi muke liƙa gilashin matuƙi da shi, domin tururin sufa gulu yana sa gilashin ya yi fari, kuma ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Gargaɗi ɗaya da za mu maimaita: tinar fentin mota tana cin irin robar da ake yin waɗannan jirage da ita. Wani ƙaninmu ya sirka fenti da ita ya shafa wa jirgin yaƙinsa ƙirar Alpha Jet da burushi, kafin ya ankara bayan jirgin ya yi laushi ya tattare. A bar ta ga wanke bakin bindigar feshi kawai. Odar da muka yi daga waje ta iso bayan dogon jira, wasu kwalaben fentin Vallejo sun daskare a hanya, wani fiffike kuma ya lanƙwashe saboda zafin da kwalin ya sha. Nan gaba za a haɗa oda wuri ɗaya, a kuma kauce wa watannin bazara.

Yanayin garinmu ma darasi ne. Bayanan da ke jikin kwalaben an rubuta su ne don ƙasashe masu sanyi. A nan, cikin hunturu, fentin ruwa yakan bushe a iska kafin ya isa jikin jirgi, sai ya sauka da gautsi kamar an barbaɗa yashi. Maganin da muka tabbatar shi ne a ƙara sirki, a ɗiga ruwan da ke jinkirta bushewa, a sauke ƙarfin iska zuwa tsakanin 15 da 20 a ma'aunin kwamfuresa, a matso da bindigar kusa. Ƙura kuwa, a yayyafa wa ɗaki ruwa kafin feshi, ana gamawa a kife jirgin da babbar robar abinci mai murfi. Da damina matsalar ta juya: laima tana taruwa a cikin tiyo, ta tofo ɗigon ruwa a kan aikin da aka kusa gamawa, ta kuma sa banish ya yi hazo. An ɗaura wa kwamfuresa matarin ruwa, kuma an daina fesa banish ranar da hadari ya haɗu. Duk mai feshi ya sa takunkumi ya buɗe taga. Wannan doka ce yanzu, ba shawara ba.

Aiki na biyu, jirgin fasinja ƙirar DC-10 na kamfanin Nigeria Airways a ma'aunin 1/144, bai kammala ba. Gangar jikin ta kai kusan santimita 38, an saka mata dalma a hanci don kada ta zauna a kan wutsiya, farin fenti da koren layi sun hau. Abin da ya tsayar da shi tambarin giwa mai fiffike ne da rubutun gefe. Kamfanin ya daina aiki tun 2003, sitikarsa ba ta samuwa yadda ake so, sai mun buga da kanmu a takardar sitikar ruwa. Bugun farko ya zube da aka tsoma shi a ruwa, don ba a rufe tawadar da banish ba. An gane kuma cewa firintar gida ba ta buga fari, dole farin ya fito daga fentin da ke ƙasa. A tuna, sitika ba ta kwanciya a kan fenti marar sheƙi, iska za ta maƙale a ƙarƙashinta ta riƙa ƙyalli a gefe. Sheƙi tukuna, sannan sitika, sannan banish na ƙarshe.

Ajin yara na ranar Asabar ya ci gaba, da burushi kawai, ba feshi. Muna godiya ga dattijonmu, tsohon makanikin jirgi da ya yi karatu a kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama ta Zariya. Shi ya nuna mana inda mai ke tsiyaya a ƙarƙashin inji da inda hayaƙi ke baƙanta jikin jirgi, ya kuma ja kunnen masu cika dauɗa da cewa jirgin da ake kula da shi ba ya yin ƙazantar da wasu ke zana masa. Baba, Allah ya ƙara lafiya.

Abubuwa biyu ne ke gaban taro yau. Na farko, a zaɓi aikin haɗin gwiwa na 2026 tsakanin Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa a Kaduna, da Boeing 747 na Kabo Air da ya yi jigilar alhazai. Na biyu, kwamiti yana neman izinin sayen batir da sola don kwamfuresa, saboda ɗaukewar wuta a tsakiyar feshi ta ɓata ayyuka da dama bana. Waɗanda suka ari burushi da kwalaben fenti su dawo da su ga mai ajiyar kaya kafin a tashi.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya