Zuwa ga mutumina, daga Indiana

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da amarya da Hajiya da duk mutanen gida. Na san da ƙorafin shiru za ka fara, to ajiye shi. Kai ma saƙonka na ƙarshe ai ba gaisuwa ba ce, tambayar farashin kwamfuta ce. Mun yi canjaras ke nan. Muryar da ka turo min a WhatsApp ma na saurara, inda kake ba ni labarin Hajiya ta tambaye ka wai karatun me na tafi yi Amurka, kai kuma ka ce mata karatun gadi. Allah ya saka min. Yanzu duk layinmu an ɗauka ina zaune a bakin ƙofa da tocila da ƙaton littafi ina rubuta sunayen baƙi.

Abin haushin shi ne maganar taka ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, don a cikin ginin kwanan ɗalibai nake zaune. Amma ka gyara wa Hajiya: digiri na biyu ne, na shekara biyu, a kan harkokin ɗalibai, wato duk abin da ya shafi ɗalibi daga fitowarsa aji har ya sake komawa. Wurin kwana, abinci, ƙungiyoyi, ladabtarwa, masu buƙata ta musamman, baƙi irina, wanda kuɗi ya yanke masa, wanda damuwa ta kwantar. Sun ɗauke min kuɗin makaranta, sun ba ni ɗaki da katin cin abinci da ɗan alawus, ni kuma ina yi musu aikin awa 20 a mako, wanda shi ne iyakar abin da bizar ɗalibi ta yarda da shi lokacin karatu. A takarda ke nan. Akwai wata waya da ake zagayawa da ita tsakaninmu, duk makon da ta faɗo hannunka ka yi sallama da barci. Wannan ya bar makulli a ɗaki ƙofa ta rufe, wancan ya sha ya yi tatul abokansa sun tsorata, wata ta ƙona gugguru da tsakar dare ƙararrawar gobara ta tashi, ga mu nan gaba ɗaya tsaye a dusar ƙanƙara da kayan barci muna jiran 'yan kwana-kwana.

Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun makon jiya, kuma a nan ba ni da wanda zan gaya wa ya gane.

Wani dattijo ne ya kira ofis yana neman labarin ɗansa. Mun fara da Turanci, da ya ji sunana sai ya tsaya, ya ce ɗan ina ne ni. Kafin ka ce kwabo mun koma Hausa. Mutumin zangon Kumasi ne, ya daɗe a New York yana tuƙin tasi. Irin Hausarsu mai daɗin nan. Ya sa min albarka, ya ce Allah ne ya haɗa shi da nasa, sannan ya ce, ɗana, yaron nan ya daina ɗaukar wayata, gaya min gaskiya, yana zuwa aji kuwa? Mutumina, na san amsar. Kuma doka ta ɗaure min baki.

Akwai wata doka a ƙasar nan tun 1974, FERPA suke ce mata. Muddin yaro ya shiga jami'a, bayanan karatunsa nasa ne, ba na uba ba, ko da uban ne ke biyan kuɗin. Tana da 'yan ƙofofi: in rai ko lafiya na cikin haɗari ana iya kiran iyaye, ko in yaron da kansa ya sa hannu ya ce a gaya musu. Ban da irin waɗannan, mu ƙananan ma'aikata an ja mana kunne mu yi gum. Haka na zauna ina ta Baba ka yi haƙuri, Baba yaronka yana nan lafiyarsa lau amma sauran sai dai daga bakinsa. Ya yi shiru, can ya ce, to, kai ma ka zama su. Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Kar ka yi dariya. Na san da kai ne da ka zazzage masa komai har da ƙari, kamar yadda ka yi wa Kawu bayanin inda kuɗin rajistata suka shiga a aji biyu. Ban manta ba. Kuma kar ka tambaye ni me ke damun yaron, kai ma ba za ka ji ba.

Abin da ya sa ban iya zagin dokar kai tsaye shi ne mun karanta asalin al'amarin. Da can jami'o'in nan matsayin uba suke ɗauka a kan ɗalibi, su tsara masa lokacin kwanciya, su kore shi in sun ga dama ba tare da bayani ba. A 1960 wasu ɗalibai baƙar fata na kwalejin jihar Alabama suka je suka zauna a wurin cin abincin da aka ware wa farar fata a ginin kotu a Montgomery, aka kore su daga makaranta ba a ko ji ta bakinsu ba. Suka kai ƙara, a 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta ce makarantar gwamnati ba ta da ikon korar ɗalibi sai ta sanar da shi laifinsa ta kuma saurare shi. Daga nan aka fara kallon ɗalibi a matsayin baligi mai haƙƙi. Ka tuna yadda ake liƙa sunayen korarru a allon sanarwa a makarantarmu, mutum ya zo wucewa ya tsinci sunansa? To ka ga ba zan ce ba su da hujja ba. Akwai kuma yaran da gidan ne ma suka gudo wa, waɗanda in aka ba uba labarinsu an cuce su.

Amma na faɗa musu a aji, malamarmu tana ji: tsarin nasu yana ɗaukar yaro kamar shi kaɗai ya faɗo daga sama. 'Yan ajinmu in ana maganar iyaye sai ka ji ana kiransu masu shisshigi. Mutumin da yake kwana a kan sitiyari don ya biya kuɗin makaranta ba shisshigi yake yi ba. Ta saurare ni da kyau, ta ce to aikinka ke nan, tunda ba za ka iya yin magana a madadin yaron ba, ka taimaka masa ya yi da kansa. Na je na sami yaron, mun sha shayi a ɗakina, Hausarsa ma a karye take. Ya ce zai kira uban ranar Juma'a. Juma'ar ta wuce, ban sani ba ko ya kira, kuma ba na son in takura masa ya daina buɗe min ƙofa. Ka sa mu a addu'a.

Af, wai da gaske ne mutumin Gwammaja ya fito takarar kansila? Wanda ko shugabancin ɗaki bai iya riƙewa ba? Na ga hotonsa da babbar riga ya ɗaga hannu sama, sai da na ƙware don dariya. Ka ce masa in ya ci, bashina na nan.

Wani abu da muka karanta ya tuna min da maƙwabcin gadonmu na aji ɗaya, wanda ya tafi hutun Sallah bai dawo ba. Wani masani mai suna Vincent Tinto tun 1975 yake cewa ba faɗuwa jarrabawa kaɗai ke sa ɗalibi barin makaranta ba, sau da yawa rashin samun wurin shiga ne a cikin jama'ar makarantar, ba aboki, ba malamin da ya san sunansa. Yaron nan ya fi mu ƙwaƙwalwa, kai ma shaida ne. Wa ya neme shi? Mu ma kanmu rabon katifarsa muka yi. A wajenmu ofishin harkokin ɗalibai yawanci farfesa ake ɗaukowa daga wani fanni a ba shi, aikin kuma ya ƙare a rabon gado da zaɓen ƙungiyar ɗalibai da tura sunaye bautar ƙasa. Bayan yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya ci wata takwas, wa ya zauna ya bi sawun waɗanda suka yi aure ko suka shiga kasuwa ba su dawo ba? Ba wai na raina namu ba ne. Abin da 'yan masallaci da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suke yi wa sabon ɗalibi kyauta, a nan sai an cike fom an yi taro an rubuta rahoto kafin a yi rabinsa. Da azumin bana sai da na yi ta zarya kafin a yarda a riƙa ɗaure wa yara abincin sahur, don ɗakin cin abinci yana rufewa tun kafin wasu su gama tarawihi. An dai yi, har da dabino.

Kana ta tambaya ko zan dawo. Niyyata ke nan, in sun ba ni tebur. In kuma ba su ba ni ba, ka ajiye min benci a shagonka.

Ɗan'uwan amarya da ka ce zai taho wata mai zuwa, don Allah a haɗo shi da kuka da daddawa da yaji. Ban da kilishi, ƙwace nama suke yi a filin jirgi, kar a yi asara. Ka gaishe min da Hajiya ka ce ta ci gaba da sa albarka, ka gaida amarya, ka ce mata ta daina ba ka tuwon dare, hotonka na ɗaurin auren nan ya tsorata ni.

Naka har kullum,
mai gadin Indiana