Zuwa ga 'yata, kan riƙon gida bayan aiki ya yanke

'Yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya maigidan, yaya jikokina? Labarin sallamarsa daga aiki ya iso mana, muna kuma ta addu'a. Masu zuwa jaje za su yi ta ce miki a yi haƙuri, Allah yana nan. Gaskiya suka faɗa. Sai dai bangaskiyar da ke riƙe gida tana bukatar lokaci da tsari, kuma a kan tsarin nake so mu yi magana.

Ku fara da sujadar gida. Ku tsai da lokaci ɗaya, ko da asuba kafin yara su yi wanka, ko bayan tuwon dare, kada a riƙa sauya shi. Minti 15 ya isa: waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi wadda yara suka iya, karatun da bai wuce aya 10 ba, kowa ya yi gajeriyar addu'a, a rufe da Addu'ar Ubangiji. Abu biyu ne ke kashe sujadar gida. Na farko tsawo: in ta kai minti 40 yara za su yi gyangyaɗi, kafin wata ya ƙare an watsar. Na biyu habaici. Kada ki rufe ido ki ce Allah ya taɓa zuciyar masu zaman kashe wando. Shi ya ji, yara ma sun ji, gobe kuma ba zai zauna ba. Ki bar masa jagoranci. Namijin da hannunsa bai kai ga cefane ba yakan ga kamar ya ragu a idon iyalinsa, to kada a nan ma a ƙwace masa wurinsa. In ya ce ba zai iya addu'a ba, ki miƙa masa Littafi Mai Tsarki ya yi karatun kawai.

Wajen karatu ku riƙe Zabura: 13, 42, 46 da 121. A ta 13 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu kafin ya kai ga yabo. Yara su san cewa kai kuka ga Allah ba saɓo ba ne.

Sai kuɗi, inda yawancin faɗan ke tashi. Kowace Asabar da dare ku zauna ku biyu da takarda, ku rubuta abin da ya shigo da duk bashin da ke kanku, har wanda ɗayanku ke jin kunyar faɗa. Bashin da aka ɓoye, ranar da mai shi ya yi sallama a ƙofa, amana ce ke tafiya. Ku jera bukatu haka: abinci, magani, haya, makaranta. Anko da gudummawar biki su jira. Mai gidan haya da shugaban makaranta ku same su tun kafin lokacin biya ya yi, ku faɗi nawa za ku iya bayarwa da ranar da za ku kawo. An fi saurarar wanda ya zo da ƙafarsa. In wani kuɗi ya faɗo da kaka, ki sayi masara da wake. Ki tabbata sun bushe ƙarau, ki zuba a buhu mai leda biyu a ciki, ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban, ki ɗora a kan katako nesa da bango. In leda ta huje ko hatsin na da danshi, ƙwari da fumfuna za su riga ku ci.

Bashin manhajar waya kuwa, ki guje shi. Ruwansa na da yawa, wa'adinsa gajere, wasu kuma in an makara sai su bi lambobin wayarki suna tona miki asiri. Karin Magana 22:7 ta riga ta faɗa, mai cin bashi bawa ne ga mai ba da shi.

Batun baiko a ikilisiya, kada ki bari kowa ya tsorata ki. Bulus ya rubuta a 2 Korintiyawa 8:12 cewa ana karɓar bayarwa gwargwadon abin da mutum yake da shi. Ku bayar daga abin da ya shigo, ko mudun hatsi ne, amma ba a cin bashi don a yi godiya a gaban jama'a. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sayar muku da mai ko ruwan addu'a don aiki ya samu, ki karanta amsar da Bitrus ya ba mai sihirin nan na Samariya a Ayyukan Manzanni 8:20. Mafi haɗari shi ne wanda zai ce an nuna masa wata a dangin miji ce ta yi asiri. Wannan zai raba ku da mutanen da za ku bukata gobe.

Neman taimakon ikilisiya ba bara ba ne. Tun a Ayyukan Manzanni 6 aka zaɓi mutum bakwai don rabon abinci. Ku je wurin fasto ko dattijo tare, bayan kun yi shawara, ku faɗi abu takamaimai: kuɗin zango ɗaya na makaranta, ko a sanar da masu sana'a cewa yana neman aiki kaza. A Zumuntar Mata ki zaɓi mace ɗaya mai riƙe baki, kada ki mai da sirrin mijinki roƙon addu'a a gaban taro.

Ki sa masa ido. Da Iliya ya karaya har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, barci ya yi, mala'ika ya ciyar da shi sau biyu, magana ta zo daga baya. In ya kai mako biyu ba ci ba barci, ko yana zancen gara ya mutu, ku kira dattawa su yi addu'a, ku kuma je asibiti ranar. In kuwa fushi ya kai ga duka, wannan ba ya cikin haƙurin da na ce ki yi. Ki kwashi yara ki zo, sannan a zauna da fasto.

Babanki yana gaishe ku. Ki gaya mana ranar biyan kuɗin makaranta.

Mamanki