Filin ciyawar da ya yi sanƙo: watsa iri kaɗai ba ya gyara shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi magana da shugabannin makarantu, masu kula da filayen ƙwallo, da magidantan da ke da ɗan dandalin ciyawa a gida. Duk shekara idan bazara ta kama, filin da ya sha hunturu da rani yakan yi sanƙo nan da can, musamman gaban raga da tsakiyar fili. Sai a sayo iri a watsa, a zauna jiran ruwa, in bai fito ba a ce jabu aka sayar. Sau da yawa irin ba shi da laifi, aikin ne ba a yi shi yadda ya kamata ba.

Tun a shago ake fara yin kuskure. Ciyawar da ta dace da zafinmu ita ce ƙiri-ƙiri, wadda ake rubuta Bermuda a jikin leda. Akwai irin da ake shigowa da shi na ƙasashen sanyi, wanda yakan fito da wuri, kore shar, amma zafin Maris da Afrilu na ƙone shi ƙurmus. A karanta abin da ke jikin leda. A kuma duba ko irin ɓararre ne ko mai ɓawo: ɓararre na tsira cikin kwana 7 zuwa 14, mai ɓawo kuwa yakan kai mako uku ko huɗu. Kafin a zuba kuɗi da yawa, a ƙirga ƙwaya 100 a shimfiɗa kan jiƙaƙƙen tsumma, a riƙa yayyafa masa ruwa mako biyu in ɓararre ne, mako huɗu in mai ɓawo ne. Idan ko rabi bai tsira ba, irin ya tsufa.

Sai a tambayi kai me ya kashe ciyawar farko. Idan wurin yana ƙarƙashin dalbejiya ko mangwaro, kada ma a ɓata iri, don ƙiri-ƙiri na son rana ta aƙalla awa shida a yini. Idan kuwa tuji ne ya mamaye wurin, to ƙasa ta daskare saboda taku. A gwada da ƙusa doguwa bayan an jiƙa wurin. In ta ƙi shiga, saiwa ma ba za ta shiga ba. Maganinsa a bi wurin da cokali mai yatsu na lambu, a riƙa cakawa zurfin santimita 8 zuwa 10, ana ɗan girgizawa, taƙi ɗaya tsakanin caka da caka. Aiki ne mai cin baya, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali shi ne rabin gyaran.

Lokacin shuka shi ne farkon damina bayan ruwa ya zauna, wato wajajen Yuni a Kano da Katsina, a Kaduna kuwa yakan ɗan riga haka. Ruwan farko mayaudari ne: iri ya tsira, a yi kwana goma ba ɗigo, tsiron ya mutu. Agusta kuma marka ce, ruwa mai ƙarfi zai kwashe irin ya tara shi a kwari. Wanda ya shuka a ƙarshen Satumba ba tare da famfo ko rijiyar burtsatse ba, hunturu zai riski ciyawar kafin ta kama ƙasa.

Ranar aiki a fara da aske tsohuwar ciyawar ƙasa-ƙasa, ta rage kamar santimita 2, don kada ta yi wa tsiro inuwa. A cire tuji, aya-aya da ƙarangiya da hannu. A ja manjagara da ƙarfi har busasshen tarkace ya fita, fuskar ƙasa ta fashe. Ƙwayar da ta rataye a kan tarkace ba ta taɓa ƙasa ba, abincin tururuwa da tsuntsaye ce.

Ga ma'auni: a kowane fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, giram 300 zuwa 500 na ɓararren iri ya isa. Inda ƙasa ta zama fayau babu ko tsinke, a kai kilo ɗaya. Cikakken filin ƙwallo mai mita 105 da 68 zai ci wajen kilo 36 idan aka bi giram 500. Irin ƙanana ne ƙwarai, ba ya rabuwa daidai a hannu, saboda haka a gauraya shi da busasshen yashi ninki huɗu ko biyar. A raba gida biyu, a watsa rabi ana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa. Cika iri ba ya ƙara kauri, cunkushewa tsiron yake yi ya yi siriri.

Rufewa ita ma akwai hatsari. Kada ƙasar da ke kan iri ta wuce rabin santimita. Baro bakwai ko takwas na yashi da ruɓaɓɓen taki, an tankaɗe, sun ishi wancan fili na mita 10. Ɗanyen kashin shanu kuwa a guje shi, yana jawo gara, yana kuma ɗauke da irin ciyayi. Bayan an rufe a danne da katako ko a tattaka a hankali. Takin zamani NPK 15-15-15 kilo 3 ya wadatar wa wannan fili a ranar shuka. Yuriya sai bayan mako huɗu zuwa shida da tsira, kilo ɗaya, a bi ta da ruwa nan take don kada ta ƙona ganye. Ina kuma jan kunne kan maganin feshin da manoman masara ke sawa don hana ciyawa tsira: bai san ƙiri-ƙiri ba, bai san tuji ba, duk hana su fitowa zai yi.

Makonni biyun farko saman ƙasa bai kamata ya bushe ba. Ranar da ba a yi ruwa ba, a yayyafa sau biyu ko uku, kaɗan-kaɗan, da butar ban-ruwa mai rariya, ba da bakin tiyo ba. Daga mako na uku a rage yawan zuwa, a ƙara yawan ruwan, don saiwa ta bi shi ƙasa. Yankan farko sai ciyawar ta kai santimita 5, da wuƙa mai kaifi, kuma kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta.

Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne su rufe filin mako shida zuwa takwas, a kewaye shi da igiya ko ƙaya saboda yara da awaki. Tunda dogon hutu na faɗowa a cikin damina, a yi shukar kafin marka, hutun ya ba ciyawar damar kama ƙasa. Idan an buɗe fili kuma, a riƙa matsar da ragar atisaye daga wuri zuwa wuri, kada mai tsaron gida ya sake haƙe inda aka gyara.

Wassalam.

Daga mai aikin kula da filaye da lambuna, Kaduna.