Ga Ƙannenmu Na Legas Masu Shirin Tafiya Ƙuryar Arewacin Kanada

Assalamu alaikum Edita, ina fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da samarinmu, don abin nan ya daɗe yana ci min rai.

Ni gwanjo nake sayarwa a kasuwar Katangowa nan Legas, kuma ɓangarena kayan sanyi ne, jaket da suwaita da safar hannu da huluna. Da can masu sayen kayana 'yan acaɓa ne da masu gadin dare, sai mutanenmu in za su gida lokacin hunturu su yi wa tsofaffi tsaraba. To yanzu kasuwa ta canza, yaro zai zo daga Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba ya ce Alhaji a zaɓo min wadda ta fi kauri, in ce ina aka nufa, ya ce Kanada, in ce wane gari, nan ne za ka ga ya fara sosa ƙeya. Makon jiya wani ya zo, bai fi shekara 25 ba, yaro mai ladabi wallahi, ya ce ejan ɗinsa ya ce can arewa za a kai shi don an fi samun aiki da takarda da wuri, da ya kasa faɗin sunan garin sai ya nuna min a waya. Iqaluit. Na ajiye jaket ɗin na jawo masa benci na ce zauna tukuna ƙanena.

Abin da ya sa na san wurin, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana Yellowknife tun 2022, kuma duk abin da zan faɗa a nan daga bakinsa na ji shi ko na gani a idonsa ta bidiyo kol. Yellowknife ita ce hedikwatar yankin Northwest Territories, mutanenta wajen dubu 20 ne kacal, daga birnin Edmonton da ke kudu zuwa can a mota kusan kilomita 1,500, wato ya fi Legas zuwa Kano nisa sosai. Ita kuwa Iqaluit ɗin da yaron nan zai je ta fi haka ma, hedikwatar yankin Nunavut ce, a kan tsibirin Baffin take, babu titin mota da ya haɗa ta da ko wane gari, jirgin sama ne kawai, awa uku daga Ottawa babban birnin ƙasar, jirgin ruwa kuma sai 'yan watannin da ƙanƙarar teku ta narke. Mutanenta ba su kai dubu 8 ba. Kuma abin da ya fi tayar min da hankali, ita Nunavut ba ta da shirin nan da jihohi ke zaɓen baƙi su ba su takardar zama, yankunan Yukon da Northwest Territories suna da shi amma ita babu, to wace takarda ce ejan ya ce za ta fito da wuri? A Kanada duk mai karɓar kuɗi don ya yi maka harkar shige da fice dole ya kasance lauya ko mai lasisi, kuma ana iya duba sunansa a intanet, sannan doka ta hana mai ɗaukar ka aiki ya karɓi kuɗinka don takardar izinin ɗaukar baƙo. Duk wanda ya ce ka biya miliyoyi ka sayi aiki, dan Allah ka riƙe kuɗinka.

Yanzu maganar sanyi. Mu in an ce sanyi sai mu tuna jaura da muku-mukun Disamba a Funtuwa ko Jos, a hura wuta a zauna da bargo, ƙarfe goma rana ta fito shi ke nan. Can ba haka ba ne. A watan Janairu digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili abu ne na kullum a Yellowknife, yana kuma kaiwa 40. Firizar da ake daskarar da kifi a Ijora 18 ƙasa da sifili take, to kun ga waje ya fi cikin firiza sanyi nesa ba kusa ba. In ya kai 40 ga iska, fatar da ba a rufe ba cikin minti goma za ta iya daskarewa, kunne da hanci da yatsu su ne na farko, kuma ba zafi za ka ji ba, wurin mutuwa yake yi ka daina jin sa, a baƙar fata kuma ba a saurin ganewa. In ya faru kar a murza, kar a kanga a wuta ko a zuba ruwan zafi, ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai sannan asibiti.

Kuma zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, jaket ɗin da muke fasa dila mu fitar a nan yawanci na sanyin Ingila ne da makamantansa, ba za su riƙe ka a can ba. Ka sayi guda ɗaya ta sauka daga jirgi, sauran kuɗin ka adana ka sayi ta gaske a can, mai tsawo har gwiwa mai hula, su ma suna da shagunan gwanjo. Kaya hawa-hawa ake sawa, na jikin fata kar ya zama auduga don tana riƙe gumi sai ya huce ya zame maka masifa, ulu ya fi. Takalmi mai ɗan fili a ciki ba wanda ya matse ba, safar hannu irin wadda yatsu huɗu ke wuri ɗaya ta fi mai rabe-rabe ɗumi. Man kaɗe kuwa ka tafi da shi da yawa, iskar can busasshiya ce ta fi ta hunturu fasa leɓe da ƙafa. Mota ma sai an jona ta da lantarki ta kwana in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba. Sannan don girman Allah kar wanda ya kunna gawayi a kasko cikin ɗaki a rufe, mu nan Legas mun san gidajen da hayaƙin janareto ya kwashe su gaba ɗaya cikin dare, iri ɗaya ne.

Amma duk wannan kuɗi yana maganinsa. Abin da ya kusa karya ƙanena duhu ne da kaɗaici, kuma shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan.

A Disamba a Yellowknife rana tana fitowa wajen ƙarfe goma ta faɗi wajen uku, awa biyar, ita ma ba ta hawa sama, can ƙasa-ƙasa take shawagi kamar hantsi bai gama yi ba. Zai fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu. Mu kuma ku duba yadda aka gina mu, mutum ya tashi a majalisa, ga mai shayi, ga masallaci sau biyar kana ganin fuskokin da ka sani, ko a Legas ɗin nan da muke baƙi in ka fito bakin titi a Agege wani zai ce maka ina gajiya, wani ya ja ka ku ci tuwo. Can ƙofa a rufe, titi shiru, maƙwabcinka zai yi maka murmushi ya wuce, ba wulaƙanci ba ne haka rayuwarsu take. Hunturunsa na farko yaron da ke damun mu da waya kullum sai ya yi kwana goma bai kira ba, in na kira ya ce lafiya lau Yaya barci nake, kullum barci, ya rame, ya daina dariya, Hajiyarmu ta dinga ce min anya ba wani abu aka yi masa ba. Ga bambancin lokaci awa takwas, lokacin da ya tashi aiki yana son mai hira mu muna tsakiyar dare. Ranar da ya fashe min da kuka a waya, namiji mai shekara talatin da wani abu, ya ce Yaya ni ban san me ke damuna ba, wallahi ban yi barci ba ranar. Allah ya taimaka wani ɗan Sudan da suke sallar Juma'a tare ya lura da shi ya kai shi wurin likita, aka ce ciwon damuwa ne da rashin hasken rana ke kawowa, sananne ne a can, kuma sinadarin bitamin D ya yi ƙasa a jininsa, don mu baƙaƙe fatarmu ta fi buƙatar rana kafin ta samar da shi. Aka ba shi ƙwayoyi, ya sayi wata fitila mai haske sosai da ake zama gabanta da safe, ya tilasta wa kansa fita da tsakar rana ko na minti ashirin ne, ya kuma manne wa jama'ar masallaci. A hankali ya dawo. Wanda zai je ya san da wannan tun daga gida, kuma in ta same shi ya yi magana, ba raunin imani ba ne kuma ba jifa ba ne. Ku ma 'yan gida ku dinga kira don ku ji lafiyarsa, ba sai ranar da ake neman kuɗin makaranta ko na biki ba.

Addini alhamdulillahi akwai 'yan uwa. Akwai jama'ar Musulmi a Yellowknife, Iqaluit an buɗe masallaci a 2016, na garin Inuvik da ke can ƙuryar arewa kuwa a birnin Winnipeg da ke kudu aka ƙera shi a 2010 aka ɗauko shi a kan babbar mota da jirgin ruwa dubban kilomita har can. Sai dai lokutan sallah akwai aiki. Da bazararsu rana kusan awa 20 take yi a Yellowknife kuma daren ma ba ya yin duhu sosai, a Inuvik sama da kwana 50 ba ta faɗuwa kwata-kwata. Malamai sun yi bayani a kan ƙiyasta lokaci, suna kafa hujja da hadisin kwanakin Dujal da ke cikin Muslim, wasu na bin lokacin gari mafi kusa da yake da dare da rana, wasu na bin Makka. Ni ba malami ba ne, shawarata ka zauna da malaminka kafin ka tafi, ka koyi wannan da hukuncin shafa a kan huffi, in ka isa kuma ka bi jama'ar masallacin garin kar ka ware. Naman halal daskararre ake kawowa daga kudu da tsada, amma kifi akwai mai kyau.

Sai gida da kuɗi. Albashin can yana da tsoka, gaskiya ne, shi ya sa ake ruɗar yara, suna juya shi zuwa naira a waya suna lissafin fili a Kano. Kar ka juya albashi ka manta ba ka juya haya da cefane ba, wurin da tumatir da madara a jirgin sama suke zuwa ka san yadda farashi zai kasance. Gidaje sun yi ƙaranci ƙwarai musamman a Nunavut, ma'aikata da yawa a gidan wurin aikinsu suke zaune, ma'ana ranar da aiki ya ƙare ɗaki ma ya ƙare, kuma can ba Legas ba ce da za ka raɓa a masallaci ko ƙarƙashin gada ko shagon ɗan uwa kafin Allah ya kawo mafita, kwana ɗaya a waje mutuwa ce. Kar ka hau jirgi sai an rubuta maka inda za ka kwana da wanda zai biya. Kuma ka ware kuɗin tikitin fita ka manta da su kamar babu. A watan Agustan 2023 wutar daji ta doso Yellowknife aka ce kowa ya bar garin cikin kwana biyu, titi ɗaya ne tak ya fita, ƙanena a motar wani abokin aikinsa ya bi layi cikin hayaƙi har jihar Alberta da ke kudu, sai bayan mako uku suka koma. Ya ce da ba shi da 'yan kuɗi a gefe da bai san yadda zai yi ba.

In da hali ka sauka a watan Mayu ko Yuni jikinka ya bi sanyin a hankali, kuma kar ka ɗauki amarya ka kai ta a Janairu ka kulle ta a ɗaki ka tafi aiki, wannan zalunci ne ko ba ka yi niyya ba. 'Yan asalin ƙasar kuma, ƙabilun Inuit da Dene, ka girmama su. An zalunce su, an ƙwace 'ya'yansu an kai makarantun kwana an hana su yarensu, har yau ciwon bai warke ba, in ka ga wani a cikin maye kar ka yi masa kallon raini, mu da muka san zafin a kira mu aboki da gatse a garin nan bai kamata mu yi wa wani ba.

Ba cewa nake kar a je ba Edita, ƙanena yanzu yana cikin rufin asiri, shi ya yi wa Hajiya rufin ɗaki bara. Ina roƙon sarakunan Hausawa na unguwanninmu da limamai su dinga tambayar yaran nan kafin a yi musu addu'ar tafiya. Shi wancan yaron na ce ya koma wurin ejan ya tambayo lambar lasisinsa da sunan inda zai yi aiki da adireshin ɗakin da zai kwana, in ya samo ya dawo in kira masa ƙanena su yi magana baki da baki. Ya ce to Alhaji, ya tafi, yau kwana takwas bai dawo ba, jaket ɗin da ya zaɓa tana nan na ajiye masa a gefe.

Naku,
Wani mai sayar da gwanjo, kasuwar Katangowa, Legas.