Rahoton ayyukan shekara: aikin kwashe tsofaffin kaset zuwa kwamfuta

Assalamu alaikum warahmatullah iyayenmu, yayyenmu da sauran 'yan uwa mambobin kungiyarmu ta Legas na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago. Ga rahoton bana daga ofishin sakatare. Taron wata-wata an yi shi yadda aka saba, shan ruwan azumi da gaisuwar sallah ma an yi, an kuma kai gudummawa gidajen da aka yi rasuwa, Allah ya jikan musulmi. Lissafin kudi ma'aji zai karanto shi ranar taro. Amma karfinmu bana kusan duk ya tafi ne wajen kwashe tsofaffin bidiyonmu daga kaset zuwa kwamfuta, shi yasa zan dade a kansa.

Da aka ce kowa ya kawo nasa wallahi mun sha kallo, daurin aure, suna, saukar Alkur'ani, tafsirin azumi, rakiyar alhazai filin jirgi na Ikeja, wasu tun shekarun 1990. Kuma ba iri daya bane, akwai babban VHS, akwai karaminsa VHS-C wanda sai an saka shi cikin wani gida mai girman VHS kafin bidiyo ta karba, akwai Video8 da Hi8, sai dan mitsitsin nan MiniDV. Kowanne da na'urar da ke karanta shi kuma na'urorin an daina yin su, kamfanin Funai na Japan da ya rage yana kera bidiyon kaset ma ya tsaya tun 2016, don haka sai da yaranmu suka zaga kasuwannin kayan lantarki na Alaba International da Computer Village kafin aka samu masu rai.

MiniDV shi ya fi fitowa tas, saboda dama hotonsa na dijital ne, kwafa kawai ake ta wayar FireWire wadda Sony ke kira i.LINK. Matsalar laftof din yanzu ba su da wannan kafar, sai muka sayi tsohuwar kwamfutar tebur aka saka mata katin FireWire a ciki. Wanda zai gwada a gida don Allah kar ya sayi wayar nan mai FireWire a kai daya USB a dayan, bata aiki, asarar kudi ce. A kuma tanadi wuri domin awa daya tana cin wajen giga 13.

Su VHS da Hi8 kuwa sai an bi ta wata 'yar na'ura da ake makalawa a USB, waya mai ruwan dorawa ta hoto, ja da fara na murya, mu dauka da manhajar OBS da ake saukewa kyauta. Anan nake rokon masu cewa mun rike musu kaya su yi hakuri, wannan aikin baya sauri, kaset na awa 3 sai an zauna awa 3 yana juyawa, in aka dauke wuta a tsakiya sau da yawa sai an koma farko. Sai da wani babanmu ya bada aron inbata sannan muka huta, Allah ya saka masa da alheri. Kaset din da 'yan uwa suka aiko daga Amurka kuma tsarinsu NTSC ne namu PAL, in ba a canza saitin ba sai hoton ya fito baki da fari ko ya dinga tsalle.

Abin da ya fi taba min zuciya shi ne fumfuna. Legas ba Kano bace, danshin nan namu cin kaset yake. Zaka daga shi ka leka ta gilashin nan sai ka ga fari-fari kamar an barbada gari a gefen zaren, wani ma zaren ya manne da juna, in ka kuskura ka saka a na'ura zai bata kan da ke karatu ya kuma shafa wa na bayansa. Irin wadannan mun ware su daban. Akwai wata mamarmu da kaset dinta ya kubuta da kyar, ta zauna gaban kwamfutar ta ji muryar mahaifinta yana addu'a ranar aurenta, babu wanda ya iya magana a dakin. Akwai kuma wadanda ba su kubuta ba sam, kuma mutanen ciki yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Bidiyon biki na mata 'yan uwanmu mata ne suka zauna a kansa, namiji bai gani ba, kuma ba a tura na kowa a WhatsApp sai da izininsa. Kowane aiki mun ajiye asalinsa a had disk biyu a gida biyu daban, sannan aka rage shi da manhajar HandBrake zuwa MP4 aka zuba wa mai shi a filash ko memori. Kar a yar da kaset din bayan an karba, a ajiye shi a tsaye nesa da bango mai danshi da sifika.

Badi in Allah ya kaimu muna bukatar karin had disk da kyamarar Digital8, irin wadda ke karanta Hi8 ta mika ta FireWire kai tsaye, wanda ke da ita a gida ko da batirinta ya mutu ya kawo. Wadanda kaset dinsu ke cikin akwati karkashin gado kuma a fito dasu kafin damina, a rubuta suna da abin da ke ciki a jiki, a ba wakilin unguwa ko a kawo ranar taro.

Wassalam,
Sakataren kungiya